Filon da Umma Ta Bayar

Almakashi Yaya ta shiga ɗauka a ɗakin Umma, sai idonta ya faɗa kan gado ta ga an sauya filo. Sabon fari ne, da wani ɗan kwari a tsakiya inda kai zai zauna. Ba ta tambayi kowa ba, ta san aikin Auta ne.

Tun lokacin da Yaya ta fara sana'ar kayan shimfiɗa da keken ɗinki guda a kusurwar falo, dokarta ɗaya ce: babu zanin gado, bargo ko filon da zai shiga kasuwa sai Umma ta kwana a kansa. Umma ba ta da nauyin barci, ga ciwon wuya, ga rashin ɓoye magana. In yadi yana da ƙaiƙayi ita ce za ta fara faɗa, in ɗinki ya yi tudu da safe za ta nuna shatinsa a kumatunta. Abin da ya tsallake gadonta shi ake sa wa leda. Wanda kuwa ta ƙi mayarwa ta riƙe wa kanta, wannan ya fi wa Yaya kowace lambar yabo. Akwai filon da ta ɗinka mata da hannu, ta tsince audugar da kanta, ta farke ta rage, ta sake farkewa ta ƙara, har wuyan Umma ya amince. Ya yi shekaru a kan gadon nan ba wanda ya ture shi.

Sai Auta ta gama jami'a ta shigo shago da waya a hannu da dabaru cike da kai. Ita ta ce a riƙa jiƙa yadi kafin a yanka don kada ya tsuke bayan wanki, ita ta kawo sa roba a kusurwoyin zanin gado. Duk sun yi kyau, abin haushin ke nan. Yaya ta laƙaba mata suna Farfesar Barci, tana faɗa tana dariya, amma dariyar ba ta wuce haƙora. Masu saye suka fara kira suna cewa a ba su ƙanwar, ta haɗiye. Telan shagon ya koma tambayar Auta kafin ya sa almakashi, wannan ma ta haɗiye. Gadon Umma ne ya tsaya mata a maƙogwaro.

Lokaci zuwa lokaci sukan kai barguna da filoli asibiti, su raba wa masu jinya da ke kwana a ƙasa gefen gadajen marasa lafiyarsu. Yaya ce ta faro wannan, don ta san sanyin simintin nan tun rashin lafiyar mahaifinsu, lokacin da jakarta ce matashinta. Ranar da suke ɗaure kayan wannan karon, ta ɗago wani filo daga tulin, hannunta ya tsaya. An sa masa sabuwar riga, amma nauyinsa ba zai ɓace mata ba.

"Umma, wannan fa?"

"Da kyansa na bayar," in ji Umma, tana ninke bargo ba ta ko ɗago ba. "Me zan yi da filo biyu? Kaina nawa ne?"

Auta ta yi dariya ta ce in Yaya na so sai a yi masa akwatin gilashi a shago, a rubuta tarihinsa a jiki. Yaya ta ce Farfesa ta fara koyon zura zare a allura tukuna. Aka yi dariya, aka ci gaba da aiki. Da aka zo loda kaya a mota, Yaya ta faki ido ta tura filon ƙarƙashin kujerar direba. Ita kanta ba ta san me za ta yi da shi ba, ta dai san ba za ta tsaya tana kallo a miƙa shi ba.

A asibiti wata nas ta shige musu gaba, suna bi gado-gado. Auta na ta hira da mutane kamar ta san su tun da, Umma na dafe da kafaɗarta, Yaya na baya da buhu, tana zaro kaya tana miƙawa. A ƙarshen ɗakin suka iske wata dattijuwa zaune a tabarma kusa da gadon mijinta. Da za ta amsa gaisuwa sai da ta juyo da jikinta gaba ɗaya, wuyan ya ƙi. Umma ta gane ciwon nan take, ta ce ina tsohon filon nan da ta bayar, wannan baiwar Allah ya dace da ita. Yaya ta leƙa buhu ta ce da alama an baro shi a gida.

Umma ta dube ta, ta rage murya yadda su biyu kawai za su ji. "Yana ƙarƙashin kujerarki. Je ki ɗauko."

Ta tafi ta ɗauko. Dattijuwar ta karɓa, ta danna da tafin hannu, ta jingina da bango ta ɗora ƙeyarta, ta lumshe ido. Ta daɗe a haka kafin ta tambayi wane mai albarka ne ya yi wannan. Umma ta nuna Yaya ta ce babbar 'yarta ce, da hannu ta ɗinka, ba keke. Yaya ta sunkuyar da kai, wani abu da ya daɗe a ƙulle a ƙirjinta ya fara sassautawa.

"Ya yi mini aiki a zamaninsa," Umma ta ci gaba, tana gyara wa dattijuwar zaman filon. "Amma in Allah Ya tashi kafaɗar maigida, ki nemi na ƙaramar nan. Tun da na kwanta a kansa na manta ina da wuya."

Nas ta ce ita ma haka take fama, ta zaro waya tana neman lambar Auta. Matar gado na kusa ta miƙo wuya tana tambayar yadda kwarin yake, Auta ta shiga kwatantawa da hannu biyu, Umma na gyaɗa kai tana ƙara bayani, fuskarta sai walƙiya take yi. Wani ya ce a matso a ɗauki hoto.

Yaya ta ninke buhun da ya ƙare ta ajiye a kan benci. Jakar Auta na rataye a jikin ƙarfen gado, bakinta a buɗe, Yaya ta saka makullin mota a ciki a hankali yadda ba zai yi ƙara ba. Ta raɓa ta bayan nas, ta bi doguwar barandar, ta wuce motar a inda take, ta fita ta ƙofar masu tafiya a ƙasa.