Kwarmi a Bindigar Eilev

"Ni dai ba zan taɓa ta ba," in ji mai shagon, ya turo bindigar ta kan tebur. "Ƙarfen ya tsufa. In na yanka masa kwarmi ya lanƙwashe, kai ne za ka fara zagina. Ka sayi sabuwa mana, ga su nan marasa nauyi."

Eilev ya kai hannu zai ɗauka, hannun ya ƙi, sai da ya haɗa da na biyu. Na yi kamar ina duba takalman da ke rataye, don na san in na taimaka masa a gaban mutane, har gida ba zai ce mini uffan ba.

Wannan ne maƙerin bindiga na uku da muka je wa. Ni ce direba, ni Aslaug ta gidan gangare, wadda tun tana amarya take faɗa da Eilev a kan tumakinsa masu cinye mini kabeji. Tun watan Mayu likita ya gaya masa ciwon da ke cikinsa ba zai bar shi ya ga ƙanƙarar bana ba. Bai yi kuka ba, bai nemi fasto ba. Abu ɗaya ya sa a gaba: ƙuri'ar farauta ta faɗo masa da namijin barewar tsauni, kuma ya rantse shi zai hau ya harbe shi da hannunsa.

Sai dai ba a hawa sai an ci gwajin harbi na shekara. Harsashi biyar cikin da'ira, kuma ba abin da zai tallafe bindigar sai hannunka. Tasa kuwa ta gasar harbi ce, tun ta zamanin samartaka, bututunta kauri kamar ƙotar gatari. Ya gwada, bakin ya riƙa sunkuyawa yana harbin ƙasa. Shi ne ya ce in aka fafe kwarmi a tsawon bututun, nauyin gaba zai ragu.

"Ka ari ta ɗana mana," na ce masa a mota.

"Ban taɓa harbi da bindigar aro ba, ba kuma yanzu zan fara ba."

"To, mai taurin kai."

Da muka iso mararraba, maimakon in yi dama zuwa gida, sai na karya hagu na haye gada.

"Ina za ki kai ni?"

"Wurin Sigbjørn."

"Tsaya in sauka!"

"Sauka mana, ƙofa ba a kulle take ba," na ce, na ƙara wuta.

Duk kwarinmu an san labarin. Sigbjørn maƙerin bindiga ne da ya daina aiki, kuma a da shi da Eilev ko abinci ba sa ci sai tare. Wata shekara suka harbi barewa ɗaya a tare, aka samu rami ɗaya a jikinta, kowa ya ce nasa ne. Tun gashinsu na baƙi suke gaba a kan wannan, har a coci ba sa zama layi ɗaya. Maza ke nan!

Mun sami Sigbjørn yana faskare a bayan gida. Ya dubi Eilev daga sama har ƙasa, ya ga yadda riga take yawo a jikinsa. Amma bakinsa bai yi laushi ba.

"Aslaug, wane ne wannan kika kwaso mini? Kamar na san hancin."

"Ki gaya wa mai gatarin nan ba da son raina na zo ba," in ji Eilev.

"Ni ba 'yar aikenku ba ce," na ce. "Ga bindiga, ga mai ita, ga abin da yake so. In za ka yi, yi. In ba za ka yi ba, ina da wanki a gida."

Sigbjørn ya goge hannu a wando ya karɓa. Ya zare ƙarfen da ke kulle gindin bututun, ya ɗaga bututun ya leƙa ta cikinsa wajen haske, ya daɗe yana kallo.

"Ni na ɗaura mata wannan bututun," ya ce a hankali. "Har yanzu tsaf yake. Dama ita ba ta taɓa kuskure ba, mai riƙe ta ne dai."

"Za ka iya ko tsufa ya cinye ka?"

"Biyo ni ciki, sarkin surutu."

Ya yaye tamfol daga kan injinsa na yankan ƙarfe, ya zuba masa mai. Yadda yake aikin ne ya kusa kashe ni da haushi. Sai ya shafto ƙarfe ɗan kaɗan a gefe ɗaya, ya juya bututun ya shafto daidai haka a kishiyar gefen, sannan ya kashe inji ya ce sai ƙarfe ya huce. Wai in ka ci gefe ɗaya da yawa, ko ka bari ya yi zafi, ƙarfen zai karkata, ba mai miƙar da shi kuma. Kullum da safe in kawo Eilev, ya zauna a kujera da bargo a gwiwa, su sha kofi, su yi ta gardama a kan karnukan da suka mutu tun tuni. Maganar waccan barewar kuwa ba wanda ya taɓo ta. Ni ina gefe ina saƙa, ina duban ranar rufe gwaji tana matsowa, shi kuma yana ƙara ramewa. Tsoro nake ji sosai kada aikin ya fi shi tsawon rai.

Ranar da aka gama, Sigbjørn ya miƙa masa. Kwarmi shida, sumul, tun daga kusa da baki har gindi. Eilev ya ɗaga ta da hannu ɗaya, ya sauke, ya sake ɗagawa.

"Ba laifi," ya ce.

"Ba laifi? Aslaug, fitar mini da shi kafin in canza ra'ayi."

Ranar gwaji ta ƙarshe filin harbi ya cika, don magana ta zaga. Eilev ya kwanta a kan tabarmar roba, ya naɗe igiyar bindiga a dantse. Bakin bindigar ya yi rawa, ya yi rawa, sannan ya tsaya cak. Huɗu suka shiga ciki lafiya. Kafin na biyar sai tari ya kama shi, ya kifa goshi a ƙasa, har mai kula da fili ya taso.

"Koma ka zauna!" Sigbjørn ya daka masa tsawa. "Hutawa yake."

Eilev ya ɗago, ya ja numfashi, ya harba. Aka je aka dubo. Ramin ya ci layin da'ira, kuma wanda ya taɓa layi a ciki yake. Kai, ban san ina da irin wannan muryar ba! Na yi ihu har hulata ta faɗi, mutane suna ta tafi, Eilev kuwa yana kwance yana dariya ba sauti.

Da aka buɗe farauta, iska ta yi mana kirki, ta kaɗo daga kudu, garken bareyin ya biyo ta har gefenmu na tsaunin. Na kai su Eilev da Sigbjørn ƙarshen hanya, wajen bukkar makiyaya, na ce ni ma ba za a bar ni ba. Sigbjørn ya ɗauki jaka da tukunyar kofi, bai zo da bindiga ba. Na miƙa hannu zan karɓi ta Eilev, ya harare ni. Shi ya rataya abarsa, yana tafe yana hutawa a kan duwatsu, har rana ta yi tsaka.

Muka hango bareyin a bayan wani tudu suna kiwo. Eilev ya ja ciki shi kaɗai, mu muka laɓe. Harbi ɗaya muka ji. Garken ya watse, babban namiji mai ƙaho kamar reshen itace ya yi taku kaɗan ya durƙushe.

Sigbjørn ya ruga kamar ba tsoho ba. "Naka ne!" yake ta ihu. "Eilev, naka ne, kowa ya gani!"

Eilev ya zauna kusa da dabbar, ya ɗora tafin hannu a wuyanta. Fuskarsa ta yi fari fat, amma idonsa na sheƙi. Ya dube ni ya ce, "Cinyoyin ki sa a firiza, Aslaug. Kada a saya wa mutane naman kanti ranar da za a binne ni."

Bai ƙara fita ba bayan nan. Ya rasu wata safiya a ƙarshen Satumba, a kan gadonsa, taga a buɗe, ina kicin ina ɗora masa ruwan zafi. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, na yi kuka fiye da yadda na zata zan yi wa mai tumakin nan.

Daga maƙabarta aka wuce zauren taron ƙauye. Ni na dafa naman da kirim na madara da albasa, ga dankali, ga jajayen 'ya'yan itacen daji a gefe. Kowa ya ci, har da mai shagon da ya ƙi aikin. Sigbjørn ya zauna a ƙarshen tebur cikin baƙar kwat da ta yi masa kaɗan, yana tauna a hankali, bai kula kowa ba. Da na zo wucewa da tukunya, sai ya share ido da bayan hannu, ya turo mini farantinsa.