Askin Shingen Fada

Shekara ɗari bakwai fadar nan ta yi a kan tudunta. An ƙone ta sau biyu, ta zama kango har jemagu suka gaje ta. Da Madam Ferrand ta saye ta, sai ta tsinto wani tsohon zanen taswirar lambun fadar, ta ce a mayar da lambun yadda yake a da. Ni aka ɗauka aikin, don kakana ne mai lambun masu fadar na ƙarshe.

Shingayen lambun duk na wani itace ne da ake kira if. Ana yi masa aski ya miƙe kamar bango, amma ganyensa dafi ne, saniya ta ci cikin hannu biyu ba ta kai gobe. Shi ya sa a garinmu ranar aski ake ƙona abin da ya zuba. Makiyayar ƙanena Aubin kuwa tana bayan gwalalon fadar, da shanu tara, su ke nan abin da ya mallaka.

Ran Juma'a na gama aski, na tara, na ɗauko ashana. Sai ga Madam.

"Solange, gobe akwai biki a nan. So kike amarya ta tafi tana warin hayaƙi?"

"Madam, haka muka taras ana yi."

"Ai kun taras da jemagu ma, ga shi mun kore su. Ki kai bayan ganuwa, kya ƙona ran Litinin."

Na san abin da ya kamata in ce, ban ce ba. Tsoron ɓacin ranta ne kawai, kuma har yau ina jin kunyar wannan shirun. Na zuba ganyen cikin busasshen gwalalo, na lulluɓe da tamfol, na danne da duwatsu. Ran Asabar aka yi iska mai ƙarfi, ta yaye tamfol ɗin, ta kwashi ganyen zuwa makiyayar Aubin.

Lahadi da safe Aubin ya kira ni. Na same shi tsaye da igiya a hannu, shanu bakwai kwance matattu, ganyen na nan a bakin wasu.

"Yaya, ɗaya daga cikin baƙin da Madam ta kawo aiki ne, ko?" ya ce. "Ɗan garin nan ba zai yi haka ba. Ki gaya mini sunansa kawai."

Na ce masa ni ce.

Sannan ya ɗaure biyun da suka rage, ya bi da su ta doguwar hanya, don kada ya wuce ta gabana.