Furen da Suwaiba Ta Dafa

Uwaisu yana da shekara bakwai ciwon ya kama shi. Da zazzaɓi ya fara, sai dasashinsa ya soma zubar da jini, tafin hannunsa ya yi fari fat. Mahaifiyarsa Suwaiba ta ɗauko shi daga Maikujera zuwa Rabah, daga can aka tura su wani asibiti a Sakkwato, inda wata likita ta ce sankarar jini ce. Aka ɗora shi kan wata allura ta jijiya da ake yi masa lokaci-lokaci. Yaron yana tsoron allura, sai likitar ta lallashe shi da hoton wani fure mai ruwan hoda a wayarta, ta ce daga jikinsa ake fitar da maganin. Cikin ikon Allah ya murmure, har ya koma bin awaki.

Ana haka allurar ta yanke. Suka je aka ce babu, suka koma aka ce ana nema. Mijinta Maigandi yana can Goronyo yana noman rani, ita kuma ta tare gidan yayarta Zubaida a Wurno don ta fi kusa da mota. A nan zazzaɓin ya dawo. Uwaisu ya daina cin tuwo, ya daina shan kunu, jini yana ɓata matashin da yake kwana a kai.

Wata safiya ta fita neman ruwa, ta hangi furen nan a ƙofar wani gida, an shuka shi cikin tsofaffin gwangwanaye. Ta ajiye bokiti. Ba ta yi sallama ba, ba ta nemi izini ba, ta tumɓuke shi duka har saiwa ta ƙunsa a zane. Ta wanke, ta dafa, ruwan ya yi duhu. Da ta ɗanɗana, ɗacin ya kai mata har maƙogwaro, kuma wannan ɗacin ya ƙara mata tabbacin magani ne.

Zubaida ta riƙe mata hannu, ta rantse ba za a ba yaron ba sai an ji ta bakin likita. Suka kira ta a waya.

Likitar ta ce kada ta kuskura. Abin da ake nema a ganyen ɗan mitsitsi ne, sai an tara ganye tuli a masana'anta kafin a tace kaɗan, kuma ta jijiya yake aiki. Ruwan da ta dafa yana ɗauke da wasu abubuwan da za su iya ƙarasa jikin da ya riga ya raunana.

Suwaiba ta ce, "To mi zan ba shi, likita? Ɗana na tahiya ina kallo. Ki gaya min mi zan ba shi."

Likitar ta ce su kawo shi a ƙara masa jini, ita kuma tana ta buga waya garuruwa neman allurar.

Suwaiba ta zauna gefen tabarma da kofin a hannu har ya huce. Uwaisu ya buɗe ido ya ce ƙishi yake ji. Ta ɗaga kansa, kofin ya kusa taɓa leɓensa, sannan ta miƙa wa Zubaida ta ce ta zubar tun kafin zuciyarta ta sake. Ta ba shi ruwan randa.

A ranar suka shiga mota. Aka ƙara masa jini, ya ɗan farfaɗo, har ya nemi fura. Allurar ta iso a makon da ya biyo, amma likitar ta ce jikinsa ba zai ɗauka ba sai zazzaɓin ya sauka. Bai sauka ba. Ya rasu ranar Laraba da hantsi, kansa bisa cinyar uwarsa. Maigandi yana hanya lokacin, a tasha aka tare shi da labarin.