Ma'aunin Ruwan Baba

Mu huɗu ne a gidan: Baba, Mama, Kaka da ni. Ba mu rasa ci ba, ba mu rasa sutura ba. Hankalin Baba kawai muka rasa, don kullum yana sama wajen gajimare. Masanin yanayi ne, maƙwabta na kiransa Farfesa. A rediyo yakan bayyana yadda duniya ke ɗumama, ya rufe da roƙon kowa ya dasa bishiya.

Mu muna da tamu, babba, a tsakar gida. A inuwarta Kaka ke shimfiɗa tabarma tana tsefe mini kai. A reshenta aka ɗaura lilona.

Wata rana Baba ya dawo da ma'aunin ruwan sama, wani gwangwani mai mazurari, ya kafa shi a gefen bishiyar. Aka tafka ruwa, ya duba, ɗan kaɗan ya taru.

Ya ce, "Ganyen nan ne ke tare ruwan. Sai an sare ta."

Mama ta ce, "Baban Auta, ka matsar da gwangwanin mana. Ai shi ba shi da saiwa."

"Na riga na sanar da abokan aikina inda na kafa shi. In na matsar, bincike ya lalace."

Kaka ta ɗago kai. "To ɗan nan, bishiyar da kake cewa a dasa, ta gidan wasu kake nufi?"

"Inna, duniya gaba ɗaya ce za ta amfana."

"Duniyar tana zuwa nan shan inuwa ne?"

Ya yi dariya. Na riƙe masa riga, na ce, "Baba, lilona fa?"

Ya shafa kaina. "Auta, don ke nake yi, ke da jikokinki."

Ranar da masu gatari suka zo, shi da kansa ya hau ya kwance igiyar lilon, ya naɗe ta da kyau, ya miƙo mini. Kaka ta kwashe tabarmarta ta koma ɗaki, gaban fanka. Da rana tsakar gidan ba ta takuwa sai da takalmi.

Da aka sake yin ruwa, ya kira ni da murna, ya durƙusa yana koya mini karanta layukan ma'aunin. Ina kallon fuskarsa, shi yana kallon ruwan. A nan na gane cewa Baba yana ƙaunar duniya da gaske, amma abin da ke nesa kaɗai yake iya gani.