Kujerar Dogo

Har yau in na tuna Larabar nan raina ɓaci yake. Shekara shida Dogo yana zaune a teburin da ke kusa da nawa, mutumin da ko ƙafarsa ka taka shi zai ba ka haƙuri, amma shi Manaja ya zaɓa ya shafa wa kashin kaji.

Kamfaninmu tikitin mota yake sayarwa ta intanet, kuma sati uku ke nan shafin yana sumewa. Layi ashirin ne tsakanin shafin da rumbun bayananmu, kamar guga ashirin a bakin rijiya: ka ɗauka, ka ɗebo, ka mayar wani ya samu. To wani abu ne ke ɗauka ba ya mayarwa. Da ashirin ɗin sun ƙare sai shafi ya tsaya cak, fasinjoji su yi ta kira suna yi mana wankin babban bargo. Mu kashe sabar, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da shafin, mu kunna, a koma gidan jiya.

Masu kamfani suka matsa, Manaja ya ce musu Dogo ne, tunda shi ya taɓa manhajar a ƙarshe. Ƙarfe goma na safe aka miƙa masa takardar sallama. Ya zuba kofinsa da dardumarsa da hoton 'ya'yansa uku a kwali, ya ce in yafe masa in ya taɓa saɓa mini. Wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Na zauna na buɗe rajistar sabar ina huci. Abin da na fara lura da shi, Asabar da Lahadi shafin ba ya faɗuwa, alhali a ranakun aka fi sayen tikiti. Na bi layukan da ba su dawo ba ɗaya bayan ɗaya. Duk na'ura guda ce ta ɗauke su, kowane minti biyar layi ɗaya. Na duba lambar na'urar, na ɗaga kai, sai ga ta tana kallona ta cikin gilashi: ƙatuwar talabijin ɗin ofishin Manaja, mai nuna yawan tikitin da aka sayar.

Manaja ne ya rubuta manhajarta da hannunsa, bayan wani kwas na kwana biyu da ya je. Duk baƙon da ya shigo sai an kai shi gabanta, har da mai kawo mana ruwa. Ya iya buɗe layi, rufewa ce dai kwas bai kai wurin ba. Ranar Juma'a da yamma yakan kashe ta ya tafi gida.

Na shiga ko ƙofa ban ƙwanƙwasa ba, na zare wayarta daga bango, na sake kunna sabar, na juya masa kwamfutata. Rabin awa muna kallo, layin da ke aiki bai wuce huɗu ba. Ya yi gyaran murya, ya ce ai kuskure kowa na yi, in gyara kafin masu kamfani su iso ƙarfe biyu. Na ce gyaran sadara ɗaya ne tak a manhajar, amma Dogo fa? Ya ce magana ta riga ta fita, babba ba ya lashe amansa.

Nan na gano inda ya dosa. In na gyara yau, gobe za a ce tunda Dogo ya tafi matsala ta ƙare, kuma da hannuna zan tabbatar masa da laifin da bai yi ba.

Na sunkuya na mayar da wayar talabijin ɗin cikin bango.

"Ranka ya daɗe, ba zan rubuta ko harafi ba sai Dogo ya zauna a kujerarsa."

Ya ce ni ma zan iya bin sa. Na ce bismillah, ga kwamfutar, ya gyara da kansa. Na koma teburina na naɗe hannu, ko da yake ni ma akwai bakunan da nake ciyarwa. Fasinjojin kuma sun tsaya mini a rai, ba su ji ba ba su gani ba.

Layukan da aka ɗauka suka kai goma. Sha biyar. Ya fito ya koma sau uku, gumi ya jiƙa masa kwala. Biyu saura kwata lamba ta nuna sha tara, mai gadi ya leƙo ya ce motar masu kamfani ta shigo. Manaja ya zo ya tsaya a kaina da waya a hannu, yana latse-latse, ya kasa haɗa ido da ni.

"Ba ni lambar Dogo," ya ce.

Shekara shida, ko lambarsa ba shi da ita.