Mai Wankin Matar Tela

Matar tela ba ta barin magana ta faɗi ƙasa, ko da likita ne ya yi ta. Shi ya sa da likita ya ce zuciyar mijinta ta kumbura, kuma tsutsar ruwa ce sila, sai ta gyara zama ta ce a sake dubawa. Mutumin da ya tsufa a kan keken ɗinki, ina shi ina rafi?

Likita ya bi ta a hankali. Ya ce tsutsar tsargiya ce, ta fata take shiga, ƙwayayenta su toshe jijiyoyin huhu, zuciya ta yi ta tura jini har ta gaji. Abin da ya kumbura masa ƙafafu ke nan, ya sa ba ya taka keke sai da haki. Dole a san inda yake haɗuwa da tsutsar, in ba haka ba a kashe ta yau, ta dawo gobe.

Tela ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Ita kuwa ta san akwai abin da yake ɓoyewa.

"Malam, ina kake zuwa?"

Da ƙyar ya faɗa. Tun shekarun da sabulu ya fara tsattsaga mata hannu har da jini, ya hana ta wanki, ya ce zai riƙa kai wa mai wanki. Ashe babu wani mai wanki. Rafi yake gangarawa, ya naɗe wando ya shiga, ya wanke, ya goge a shago, ya kawo mata a ninke. Ita ko kullum cikin mita take, wai mai wankin nan bai iya wuyan riga ba.

"To kayanki zan ba wani ƙato ya riƙa jujjuyawa?" in ji tela.

Likita ya yi dariya. Ita ta kasa, tausayinsa ya cika ta. Sai ji ta yi ana cewa magani zai kashe tsutsar, amma zuciyar ba za ta koma kamar da ba, sai dai a lallaɓa ta.

Suna fitowa, numfashi ya tsayar da shi a baranda. Ta riƙe shi, ta ɗora hannunta mai laushi a ƙirjinsa, tana jin bugun yana sauri. Da ya samu kansa, abin da ya fara tambaya shi ne wa zai yi wankin yanzu.

"Kayan su yi datti," ta ce. "Kai dai ka yi numfashi."