Kiɗan Uban Kusuma

Shekara shida Kaltumi ta yi a Jidda tana aikatau, da ta dawo Diffa kuwa, babu abin da take tattali a kayanta kamar wani kaset guda. Kusuma ce ta ba ta, 'yar Siri Lanka da suka yi aiki gida ɗaya, suna kwana tabarma ɗaya. Waƙoƙin finafinan ƙasarsu ne, da harshen Sinhala. Mahaifin Kusuma, Wimaladasa, shi ya tsara kiɗan waƙa ta uku, amma masu fim suka rubuta sunan wani, har tsohon ya rasu bai ji an ambace shi ba. Kusuma ba ta taɓa ba da labarin nan ba sai da hawaye.

A Diffa duk wanda ya ji kaset ɗin sai ya ce Indiya ce. Kaltumi ta yi ta gyara har bakinta ya gaji. Mutanenmu dai, in sun ji sarewa da siririyar muryar mace, magana ta ƙare.

Sai Ɗalha, ɗan yayanta, mai fiyano da ɗan situdiyo kusa da tasha, ya ari kaset ɗin na kwana biyu. Bayan wata guda, tana shanyar tattasai a bakin kogin Komadugu, rediyon maƙwabciyarta ya saki kiɗan nan na uku da baitocin Hausa a kai. Mai gabatarwa ya ce sabuwar waƙar Ɗalha ce, kiɗa da waƙa duk nasa. Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta bar tattasai a shanye, ta hau kabu-kabu zuwa situdiyon Ɗalha.

Ɗalha ko musu bai yi ba. Ya ce haka sana'ar take, daga Kano har nan kowa kiɗan Indiya yake ɗauka ya ɗora nasa, ba wanda ya taɓa kawo ƙara.

"Gwaggo, mutumin ya rasu. A Diffa wa ya san shi?"

"Ni na san shi," in ji ta.

Yayanta ya aiko cewa kada ta tona asirin ɗansa, abin gida ne. Ta ce ita ma a gidan ta tashi, kuma ba a koya mata cin haƙƙin mamaci ba.

Ranar kasuwa, lokacin shirin gaishe-gaishe da kowa ke saurare, ta isa gidan rediyo. Direkta ya ce ta dawo gobe. Ta shimfiɗa mayafi a ƙofar ofishinsa ta zauna, ta ce goben ta same ta a nan. Da ya ga ba tashi za ta yi ba, ya ce wa Sule mai gabatarwa ya ba ta minti biyu.

Aka sa waƙar ta asali. Sule ya raɗa mata cewa sunan Wimaladasa ya fi ƙarfin harshensa, su ce wani bawan Allah ne daga Indiya mana. Kaltumi ta jawo makirufo gabanta.

"Jama'ar Diffa, Ɗalha ɗana ne, baitocin nasa ne, ban hana shi ba. Amma kiɗan na Wimaladasa ne, mutumin Siri Lanka, uban Kusuma. An ƙwace masa sau ɗaya a garinsu. Ba za a ƙwace masa na biyu daga hannuna ba. Malam Sule, faɗi sunan."

Sule ya faɗa, ya kakkarya shi. Ta ce ya sake. Sai a karo na uku ta ƙyale shi.